Babi na Biyar: Dusa, Ganye da Tsami

Wajen shekarar 1890, a birnin Batabiya na tsibirin Jaba, inda yau ake kira Jakarta, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman ya duƙufa neman abin da ke kawo cutar beriberi. Cuta ce mai kama ƙafafu, su yi nauyi, su daina ji, daga baya su shanye, wani kuma jikinsa ya kumbura, zuciyarsa ta gaza. Ta addabi barikokin soja da gidajen yari na yankin, kuma a lokacin yawancin likitoci sun tafi a kan cewa wata ƙwayar cuta ce ke yaɗa ta. Shi ma ita yake nema. Ana cikin haka sai kajin da ya ajiye don gwaji suka fara tangaɗi suna faɗuwa, har da waɗanda bai yi wa allurar komai ba. Bayan 'yan watanni kuma suka miƙe garau, alhali ba wanda ya ba su magani.

Da ya bi diddigi sai ya tarar a watannin da kajin suka yi ciwo, ragowar farar shinkafar asibitin soja ake zuba musu. Aka canja kuku, sabon ya ce shi ba zai ba kaji shinkafar soja ba, aka koma sayo musu mai araha, wadda ba a goge ta tas ba. Ita ce ta tashe su. Abin da ke hana beriberi yana cikin siririyar fatar nan da injin casa ke kankarewa don shinkafa ta yi fari. Eijkman bai gane haka nan take ba, ya ɗauka akwai guba a farar shinkafa, dusa kuma makarinta ce. Wanda ya gaje shi a ɗakin binciken, Gerrit Grijns, shi ne ya ce babu wata guba, wani abu ne da jiki ke bukata aka cire daga abincin. A 1912 Casimir Funk, masanin sinadarai ɗan ƙasar Poland da ke aiki a Landan, ya raɗa wa irin waɗannan abubuwa sunan da ya zama bitamin. A 1926 aka tace na cikin dusar shinkafa, wanda ake kira B1, a 1929 kuma Eijkman ya samu kyautar Nobel.

A cikin abinci ke nan aka fara gano bitamin, a ɓangaren da mutane suka raina suka zubar. Mu ma muna da irin wannan ɓangare. A duba yadda ake surfe: a yayyafa wa gero ko dawa ruwa, a zuba a turmi, a yi ta bugu da taɓarya har fatar ta saki, a juye a faifai a bakace, dusa ta yi gefe. Sannan a wanke hatsin, ƙasarin a kai wa awaki. Yanzu da injin surfe ya shiga kowace unguwa, kankarewar ta fi ta turmi tsanani, don kowa so yake tuwonsa ya fito fari sol. Mai kiwon ragon layya kuwa ya san darajar dusa, da kuɗinsa yake sayenta buhu-buhu. Kaso mai yawa na bitamin B da sinadarin ƙarfe da zink na hatsi yana cikin wannan fata da ɗan idon ƙwayar. Ban ce a ci tuwon dusa ba, kuma za a ga nan gaba cewa dusar ma tana da nata cikas. Amma akwai tazara tsakanin surfen da ya cire ƙaiƙayi da dauɗa da wanda bai bar komai ba sai farin gari. Haka shinkafa: wadda aka turara da ɓawonta kafin a cashe, irin tamu ta gida, tururin yakan tura wani kaso na bitamin B1 cikin ƙwayar, shi ya sa ta fi fara tas amfani ko da ba ta kai ta kyan gani ba.

Lokacin da aka mayar da abinci ƙwaya

Da aka iya tace bitamin, ba a jima ba aka iya ƙera shi a masana'anta, kuma wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Cututtukan rashi da suka kashe dubban mutane sun zama abin da ake warkarwa cikin kwanaki. Sai dai daga nan wani tunani ya tsiro, cewa tunda kaɗan yana warkar da mai rashi, to mai yawa zai kare mai lafiya daga manyan cututtuka. An gwada wannan tunani, gwaji na gaske, kuma ya kamata duk mai sayen ƙwayoyin bitamin ya san yadda aka ƙare.

An daɗe da lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da sankarar huhu kamar sauran mutane ba. Masana suka yi zaton sirrin yana cikin beta-karotin, sinadarin da ke ba karas da mangwaro da kabewa launinsu, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A. A ƙasar Finlan aka ɗauki maza mashaya taba sama da 29,000, aka riƙa ba wasu ƙwayar beta-karotin kullum, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta, tsawon shekara 5 zuwa 8. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wajen masu shan beta-karotin. A Amurka ana gudanar da wani gwajin makamancinsa a kan mutane sama da 18,000, mashaya taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, ana ba su beta-karotin haɗe da bitamin A. A watan Janairun 1996 dole aka tsayar da shi tun wa'adinsa bai cika ba, domin sankarar ta ƙaru da kashi 28 cikin 100. A 2011 wani babban gwaji ya nuna ƙwayar bitamin E ta ƙara wa maza haɗarin sankarar ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100. Zuwa 2022, kwamitin ƙwararrun da ke ba Amurka shawara kan riga-kafi ya ce kada a sha beta-karotin ko bitamin E da nufin kauce wa sankara ko ciwon zuciya, game da ƙwayar nan mai haɗe-haɗen bitamin kuwa ya ce babu isasshiyar hujjar cewa tana yin wannan aiki.

Duk da haka ba a taɓa samun wanda cin kabewa ko zogale ya jawo masa sankara ba, kuma shaidar cewa masu cin ganye sun fi lafiya tana nan daram. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ganye ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai, kowanne ɗan kaɗan, ga zare-zarensa da ke sauƙaƙa bayan gida da rage saurin shigar sukari cikin jini. Wanda ya cika cikinsa da kwaɗo kuma, ya rage gurbin da soyayyen fulawa da lemun kwalba za su shiga. Sannan jiki yana da awonsa idan daga abinci abu ya zo. Beta-karotin na ganye, gwargwadon bukata yake juya shi zuwa bitamin A. Wanda ya ci karas fiye da kima, iyaka tafin hannunsa ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya daina ci ya washe. Bitamin A na ƙwaya kuwa hanta ce ke tara shi, idan ya yi yawa ya zama guba, ga mai ciki ma yana iya nakasa ɗan tayi. Su bitamin C da yawancin dangin B, rararsu fitsari take bi. Wannan fitsari mai launin rawaya shar da mutum kan gani bayan ya sha ƙwayar bitamin, har ya ce magani ya fara aiki, bitamin B2 ne da jiki bai bukata ba yake fitarwa.

Akwai kuma abin da mai saye bai cika sani ba. A Amurka, inda ake ƙera da yawa daga cikin kwalaben nan masu tsada, wata doka ta 1994 ta ware ƙwayoyin ƙarin abinci daga sahun magunguna. Kamfani ba sai ya tabbatar wa hukuma cewa abin yana aiki ba kafin ya kai shi kasuwa. Kasancewar kwalba 'yar waje ce bai zama shaidar komai ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ganin abin da ke cikin wasu kwalaben. Garin zogale ne aka ɗura a kafso. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a ƙasashenta, yau ana sayar da shi can a ƙananan leda da tsadar gaske, saboda bitamin C ɗinsa ya ninka na lemun zaƙi sau da yawa. Garin nan ne dai da ake kaɗa wa nono, wanda yara ke tsotsa a hanyar makaranta. Kafso ɗaya na zogale bai kai cikin ƙaramin cokali ba, alhali kwano guda na kwaɗo ya fi kafso masu yawa. Masu tallar da ke cewa zogale yana maganin kowace cuta su ma sun wuce gona da iri. Ganye ne mai albarka ƙwarai, abinci ne, kuma a matsayin abinci yake aikinsa.

Jini

A nan ne maganar ta fi shafarmu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa kashi 68 cikin 100. Saboda haka ba abin mamaki ba ne cinikin da ake yi a kyamis kowace yamma.

"Malam, a ba ni maganin ƙarin jini. Kwana biyun nan jiri nake ji."

"To Hajiya, na ruwa ko na ƙwaya? Akwai na gida, akwai ɗan waje."

Ba a tambayi komai ba, ba a auna komai ba. Alhali jini yana ƙaranci ta hanyoyi da yawa. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa tana maƙale a hanji tana sha. Tsargiya tana zubar da shi ta fitsari. Ga jinin al'ada mai yawa, ga haihuwa a kai a kai, ga sikila. Mai tsutsa ko ya shanye kwalba goma, muddin ba a kashe tsutsar ba yana nan inda yake. Mai sikila kuwa, musamman wanda ake yi wa ƙarin jini, sau da yawa ƙarfe ya riga ya yi masa yawa, ƙara masa ba tare da gwaji ba cutarwa ce. Wasu magungunan ruwan da ake sayarwa don buɗe ciki, an haɗa bitamin ɗin ne da maganin ƙaiƙayi mai sa barci da yunwa, ƙibar da ake gani daga nan take. Ƙwayoyin ƙarfe kuma, jajayen nan masu kama da alewa, idan ƙaramin yaro ya samu ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi, don haka a ajiye su inda hannunsa ba ya kai. Mai jin jiri da kasala, wanda cikin fatar idonsa ya yi fari, gwajin jini ya kamata ya fara yi.

Idan rashin ƙarfe ne daga abinci, to a nan tukunya take da babban aiki. Ƙarfen abinci iri biyu ne. Na nama da hanta da kifi, jiki kan ɗauki kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa. Na tsirrai, wato wake, gero, riɗi, gurjiya, daddawa da ganye, abin da jiki ke ɗauka yana kamawa daga kashi 2 zuwa 20. Wannan tazara mai faɗi, daga 2 zuwa 20, yawancinta a hannun mai girki take.

Abu na farko bitamin C. Idan ya haɗu da ƙarfen tsirrai a ciki lokaci guda, yakan sauya masa kama zuwa wadda hanji ke iya tsotsa, har abin da ake samu ya ninka. A dubi kwaɗon zogale. An tsinke ganyen an dafa, an tsane an matse. An daka ƙuli-ƙuli, an yanka albasa da ɗanyen tumatir da tattasai, an barbaɗa gishiri da yaji, an ɗiga mai, an matse lemun tsami a kai, an cakuɗa da hannu. Ganyen ya kawo ƙarfe da kalsiyam da beta-karotin, ƙuli-ƙuli ya kawo abin gina jiki da maiƙo, tumatir da tattasai da lemo sun kawo bitamin C ɗanye wanda wuta ba ta taɓa ba. Da wuya masanin abinci ya tsara haɗin da ya fi wannan. Inda ake yin asara shi ne wajen dahuwa: a cika tukunya da ruwa, a jefa kanwa, a bar ganye yana tafasa har ya yi baƙi, sannan a zubar da ruwan. Ruwa kaɗan da ɗan lokaci sun isa, turarawa ma ta fi. Haka wake da shinkafa ko ɗanwake, yankan tumatir da albasa da kabejin da ake ɗorawa a kai ba ado ba ne. Gwaba ɗaya matsakaiciya bayan cin abinci ta ishi babban mutum bitamin C na yini guda. Ɗan nama ko kifi ma, ko tsoka ɗaya ce a miya, yana taimaka wa ƙarfen ganyen da ke tare da shi ya shiga jiki.

Abu na biyu shayi. Sinadarin da ke ba ganyen shayi ɗaci-ɗacinsa yana kama ƙarfe a cikin hanji ya hana shi shiga jini, kofi ɗaya tare da abinci yana iya rage fiye da rabin abin da za a samu. Ba a ce a bar shayi ba, a dai ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da cin abinci, musamman mai ciki da budurwa da ƙaramin yaro. Yaran da ake karya musu kumallo kullum da ruwan shayi da burodi kaɗai, a gaskiya an cika musu ciki ne kawai.

Abu na uku shi ne cikas ɗin dusa da na ambata. Hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari, fitet, da ke riƙe ƙarfe da zink da kalsiyam ƙam. Abin da ke sassauta shi kuwa jiƙo ne da tsiro da tsami, kuma dukansu tsofaffin dabarun girkinmu ne. Geron da aka jiƙa ya kwana, aka niƙa, aka tace, aka bar kamun ya kwanta ya yi tsami kafin a dama koko, fitet ɗinsa ya ragu sosai. Haka ƙullun waina da ya kwana ya tashi. Haka kalwar da aka dafa, aka cire ɓawo, aka rufe kwanaki har ta zama daddawa. Matan da suka gada wannan aiki ba su san sunan sinadarin ba, amma sun san kunun da ya yi tsami ya fi kwanciya a ciki. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga daddawa tana ficewa daga miya, dunƙulen ɗanɗano na kanti yana maye gurbinta, wanda kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Ɗanɗano ya samu, amma abin gina jiki da ƙarfen da daddawa ke sakawa a miyar talaka kullum sun tafi.

Sai kanwa. Na san dalilin da ya sa ake sa ta: wake ya yi saurin nuna a rage cin itace ko gas, kuɓewa da karkashi su yi yauƙi, tsamin yakuwa da rama ya karye. Dalilai ne na gaske, mai girki da kuɗin icce ƙalilan ba za a ce mata ta yi wauta ba. Amma kanwa tana lalata bitamin B1 da C. A jiƙa wake tun dare a zubar da ruwan jiƙon, zai nuna da wuri ba tare da ita ba, fitet ɗinsa ma ya ragu. Inda ba makawa sai an sa, a sa ɗan ƙanƙani.

Ido

Dundumi, ciwon nan da yaro ko mai ciki kan daina gani da zarar magariba ta yi, alamar farko ce ta rashin bitamin A, kuma tun kafin ido ya nuna, rashin ya riga ya raunana garkuwar jiki, ƙyanda da gudawa su fi yi wa yaro illa. Tsirran da ke maganinsa launinsu ke nuna su: kore shar da ruwan lemo. Zogale, alayyafo, rama, tafasa, lalo, ganyen wake, ganyen kuka, kabewa, karas, gwanda, mangwaro, da manja wanda ya fi su duka. Sai dai akwai sharaɗi biyu. Beta-karotin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka miyar ganye marar mai ko gyaɗa ko riɗi ta yi asarar kaso mai yawa na amfaninta. Kuma juyawar ba ɗaya-da-ɗaya ba ce, a lissafin masana sai an ci kusan awo 12 na beta-karotin a abinci kafin a samu awo ɗaya na bitamin A. Ke nan ɗan ganyen da aka barbaɗa don miya ta yi kore bai isa ba, ganye ake so a gani a kwano. Manja kuma idan aka bar shi a wuta ya yi hayaƙi har jansa ya washe, an ƙone abin da ake nema.

Shanya ma haka. Kukar da aka shanya a inuwa, inda iska ke ratsawa, garinta kore ne shar, wadda aka baza a tsakiyar rana kuwa takan koɗe ta yi fari-fari. Mata a kasuwa sun san wadda za su zaɓa, kuma idonsu bai yi ƙarya ba, don hasken rana yana cinye beta-karotin tare da korewar. Wannan magana ce babba a ƙasar da ganye ke yin arha da damina, ya yi wuya da bazara sai mai lambu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, gida mai mutum goma kuwa ba zai iya sayen wannan duk shekara ba. Abin da zai iya shi ne ya shanya zogale da rama da yakuwa da kuɓewa lokacin yalwarsu, ya adana a rufe inda haske ba ya shiga, ya dasa zogale biyu da gwanda a bakin rariyar wanke-wanke, ya kuma daina kallon magarya da kanya da ɗinya da goruba da tsamiya a matsayin abin wasan yara.

Masu binciken noma ma ta wannan ƙofa suka biyo. Dankalin Hausa mai ciki ruwan lemo, wanda masu aikinsa suka samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2016, ɗan madaidaici ɗaya yana iya biya wa ƙaramin yaro bukatarsa ta bitamin A ta yini. A Nijar, a 2018, an fitar da wani irin gero mai suna Chakti wanda ƙarfensa ya fi na sauran. Ta hanyar auren iri aka samo su, manomi ya shuka, iyali su ci a tuwo da kunu kamar yadda suka saba.

Inda ganye ba ya kaiwa

Kada wani ya ɗauki wannan babi ya hana matarsa shan maganin awo. Akwai wuraren da ƙwaya ce daidai, kuma sanannu ne.

Mai ciki jininta yana ƙaruwa, ga na ɗan da ke cikinta, bukatarta ta ƙarfe ta fi abin da yawancin kwanonmu ke iya bayarwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kullum. Shi folik asid, wani bincike da Birtaniya ta jagoranta ya nuna a 1991 cewa yana rage nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jarirai da kusan kashi 70 cikin 100 a wajen matan da suka taɓa haifar mai irin wannan nakasa. Wannan sashe na jikin ɗan tayi yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, tun mace ba ta tabbatar da cikin ba, don haka mai shirin ɗaukar ciki tun kafin ta samu ya kamata ta fara. Idan ƙwayar ƙarfen tana sa tashin zuciya ko baƙin bayan gida, a gaya wa ma'aikaciyar awo ta sauya lokacin sha, kada a jefa ta ƙarƙashin katifa.

Kafson bitamin A da ake ɗiga wa yara a baki duk wata shida, shuɗi ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan shekara ɗaya zuwa biyar, shi ma yana da tarihinsa. Likitan ido Alfred Sommer ya gwada shi a ƙauyukan Aceh na Indunusiya, sakamakon da ya fito a 1986 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A kai yara su karɓa. Haka ƙwayar zink da ake ba mai gudawa kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari.

Aidin kuwa, tsiro ba ya ba da abin da ƙasar da ya fito ba ta da shi, ƙasashen da ke nesa da teku kuma sau da yawa ba su da shi. Rashinsa ke kawo maƙoƙo, ya kuma dakushe ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. A sayi mai aidin, a ajiye shi a rufe nesa da murhu. Sai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata: babu ganye ko hatsin da za a dogara da shi a kansa. Daga nono yake, da ƙwai, da kifi, da nama. Fura da nono ta rufe wa kakanninmu wannan gurbi. Gidan da nono ya yi wa tsada, nama kuma sai da salla, ƙwai ɗaya ko ɗan busasshen kifi a miya ba almubazzaranci ba ne. Tsofaffi da masu ciwon sukarin da suka daɗe suna shan metformin, B12 ɗinsu kan yi ƙasa ko suna cin nama, su likita zai auna ya rubuta musu.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari a gida shi ne ɗan wata shida zuwa shekara biyu. Cikinsa ɗan ƙarami ne, girmansa kuma na sauri, ƙarfen da aka haife shi da shi ya fara ƙarewa, nonon uwa kaɗai ya daina isarsa ko da yake dole a ci gaba da ba shi. Abin da aka saba ɗura masa kuwa tsinkakken koko ne da sukari, ruwa ya fi gari yawa. A dama masa da kauri, yadda zai zauna a cokali ba ya zuba. A zuba garin gyaɗar da aka tsince, aka fitar da duk mai ruɓa ko fumfuna, ko garin soyayyen waken suya. A sa ƙaramin cokali na garin zogalen da aka shanya a inuwa bayan an sauke tukunya, da ɗigon manja. Da rana a murje masa kabewa ko wake ko dankali da miyar gidan kafin a sa yaji, a haɗa da gwaiduwar ƙwai ko dakakken kifin da aka cire ƙaya. Gwanda ko mangwaro nunanne a mitsittsike masa tsakanin abinci. Ma'aikatan lafiya suna kasa abincin yaro rukuni takwas, da nonon uwa a ciki, suna so ya taɓa aƙalla biyar kowace rana, kuma a ba shi a nasa kwanon, don a kwanon taro yayyensa sun fi shi saurin hannu.